Yadda Muka Buɗe Tagar Hajja Batula

Nusaiba, kada ki sunkuyar da kai, na ji abin da kika ce wa ƙawayenki. Wai aikin Anti Balaraba bai wuce danna maɓalli uku ba, in taga ta rufe a kwamfuta a danna ta dawo, khalas. Ban ji haushi ba, dariya ma kika ba ni. Tunda firinta ba za ta sake ku ba sai ta gama fitar da takardunku, ku ja kujeru ku zauna. Maɓallan nan uku gaskiya ne, kuma yau zan koya muku su. Amma sanin wace irin rufewa ce ta samu tagar, da abin da ba a taɓawa kafin a danna su, shi ya ci mini shekara ashirin da 'yan kai.

Ni ban zo Alƙahira don kwamfuta ba. Maigidana na biyo daga Gusau. Karatu ya zo yi, da ya gama ya samu aikin fassara, muka zauna. Wata rana na raka shi Wustul Balad, wato tsakiyar birnin, buga wata takarda. Muka hau bene na uku na wani tsohon gini, muka tarar da wata mata 'yar Masar, Madam Samiha, tana buga Larabci ba ta ko kallon yatsunta, kuma a lokaci guda tana faɗa da mai kawo shayi ta taga. Na tsaya na saki baki. Kafin mu sauko na ce wa maigidan ni fa wannan aikin nake so. Bayan sati guda na koma ni kaɗai, da Larabcina na Islamiyya wanda 'yan Masar ke ji su yi murmushi, na roƙe ta ta koya mini. Ta dubi hannuwana, ta ce in yanke farce in dawo gobe.

Aikin farko da ta sakar mini ni kaɗai yarjejeniya ce ta wani lauya, shafi talatin, rubutun hannu kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Tun safe nake bugawa, ban adana ko sau ɗaya ba. Ina shafi na ƙarshe na miƙe ƙafa, sai na shuri waya a ƙarƙashin tebur. Allon ya yi baƙi ƙirin. Na mayar da wayar, na kunna, na buɗe manhajar rubutu. Wani ɗan akwati ya fito a gefe da rubutu a ciki. Kun san yadda hannu ke yi in ya ga akwati ya tare masa hanya, rufewa kawai yake so ya yi. Har na kai maus kan alamar rufewa, Madam Samiha ta cafke wuyan hannuna.

Ta ce, "Ɗage hannuwanki, ya binti. Ɗora su a ka."

Na ɗora hannu biyu a ka kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Ta ce, "Yanzu karanta mini abin da aka rubuta. Da ƙarfi."

Na karanta ina haɗa baƙi. Ashe manhajar ce ke gaya mini ta ɓoye kwafin aikina kafin wuta ta yanke, tana tambaya ko ina so. Da na rufe akwatin nan na ce ba na so, da shi ke nan. Madam ta danna sau ɗaya, shafi ashirin da takwas suka dawo reras. Wallahi tsalle na yi har ɗankwalina ya zame. Ita ko ta koma kan shayinta ta ce, "Biyun da suka rage ke za ki sake bugawa. Kuma daga yau, duk abin da ya ɓace, hannu ne na ƙarshe. Ido ne farko, sai baki, a tambayi mai abin me ya taɓa."

Shekara huɗu na yi a wurinta kafin na buɗe shagona nan unguwar Hadayek el-Maadi. A wurinta na gane ba kowace taga da ta ɓace ce ta rufe ba. Wata ɓuya ta yi a ƙasan allo, wata tana bayan 'yar'uwarta, ka riƙe Alt ka danna Tab ka gan su sun jeru. Wata kuma ɓatan hanya ta yi.

Irin wannan ɓatan hanyar ce ta samu Malam Auwalu, wani ɗalibi ɗan Katsina da ke rubuta risalar digiri na uku. Saura kwana uku ya miƙa gyaran ƙarshe, sai ga shi da rana tsaka ya rungumo akwatin kwamfutarsa gaba ɗaya, tun daga tashar jirgin metro yake ɗauke da shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya ce, "Anti, aikin shekara biyar ya tafi. In na danna risalar sai in ga alamar ta buɗe a ƙasa, amma ba komai a allo. Na kashe na kunna ya fi sau goma."

Na ce, "Malam, zauna ka sha ruwa. Jiya me ka haɗa da kwamfutar nan?"

Ya ce ba komai. Can ya ce, "Sai dai talabijin. Na jona ta don mu duba da abokaina a babban allo."

Ina jin haka na san inda gizo ke saƙa. Tagar tana nan da ranta, tana buɗewa ne a allon talabijin ɗin da ya bari a gida, kwamfutar ba ta manta da shi ba. Na zaɓi risalar, na riƙe maɓallin nan mai tambarin taga tare da Shift, na danna kibiyar hagu. Sai ga risala ta faɗo tsakiyar allo kamar an jefo ta daga rufi. Malam Auwalu ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa, yana ta salati. Ya ce in sake yi ya gani. Na tura ta waje, na dawo da ita. Sau uku ya sa ni, yana dariya har da hawaye. Kun ga, a nan maɓallanki uku ba su da amfani, Nusaiba, don ba abin da ya rufe.

To ga su nan, ku matso ku gani. Wannan kibod ɗin shi ne babban kayan aikina, na fi shekara goma da shi, haruffan sun goge, yatsuna ne kawai suka san gidajensu. In taga ta rufe a birauza, a riƙe Ctrl da Shift a danna T. A kibod ɗin Larabci T shi ne gidan Fa'un, don haka Madam Samiha ke cewa a tuna da "iftah", buɗe. Kowace dannawa tana dawo da wadda aka rufe kafin waccan, haka za ki yi ta komawa baya, amma ba har abada ba, akwai inda take tsayawa. Ga kuma tarkon da ke kama masu buga Larabci. Ctrl da Shift ɗin nan su muke dannawa mu juya rubutu ya fara daga dama. In mutum bai ɗaga yatsunsa ba ya buga Sadun, wato W, to tagar gaba ɗaya ce za ta rufe da duk shafukan da ke cikinta. Na ga manyan malamai sun yi zuru a kujerar nan saboda Sadun guda. Taga ɗaya ce kawai ba ta dawowa, ita ce ta sirri, mai baƙin launi. In aka rufe ta, ko ni ko wanda ya ƙera kwamfutar, sai dai mu ce ma'alish, a yi haƙuri.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Ga batirin ajiya can ƙarƙashin tebur, mai ba ni 'yan mintoci in wuta ta tafi. Ga manhajar rubutu da na saita tana adana aiki duk bayan minti ɗaya. Sai doka guda da na kafa wa kaina: kwamfutoci ukun nan da jama'a ke hawa, kullum kafin in rufe shago da magariba sai na goge tarihinsu tas. Mutane suna buɗe fasfo a nan, da takardun iƙama na izinin zama, da sakamakon asibiti. Amana ce, ba na barin na wani ya kwana na gobe ya gani.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar da aka yi ta ɗauke wuta da bazara. Zafi kamar a gasa gurasa a kan titi, wuta kuma a ɗauke ta a tsakiyar aiki. A lokacin ban sayi batirin nan ba. Kwamfuta ɗaya ta ƙone. Wata malama ta kawo mini babi guda na littafinta, na buga, wuta ta yanke daidai lokacin da ake adanawa, fayil ɗin ya lalace, kwafin ajiyar ma ya lalace. Na bi duk hanyar da na sani, ban samu ko layi ɗaya ba. Kwana uku na yi ina sake bugawa, ita kuma ba ta ƙara dawowa ba, ban kuma ga laifinta ba. Ɗalibai suka koma yin komai a waya. Akwai ranar da tun safe har la'asar ba wanda ya leƙo sai mai sayar da lemun tsami. Maigidan ya ce ko in sayar da kayan in huta. Na ce a bari mu ga ƙarshen bazara.

A cikin wannan bazarar Hajja Batula ta zo. Bahaushiyar Sudan ce, dattijuwa, cikin waɗanda yaƙi ya koro suka cika unguwar nan. Ranar Talata ce da safe, ina cikin buɗe ƙofa na gan ta tsaye a lulluɓe da tobinta. Na gane ta, don jiya da yamma ta zo da maƙwabciyarta Sa'adiyya sun hau kwamfuta ta biyu, suka kuma fita da sauri ba sallama.

Ta ce, "'Yar'uwa, jiya mun yi miki ɓarna, kunya ta hana mu faɗa. Amma ban iya barci ba."

Na ba ta kujera. Ta ce tana da ƙane, Usman, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da suka gudu mota ba ta ɗauke su duka ba, ya ce ta yi gaba zai biyo ta. Wata bakwai ke nan ba labarinsa, lambarsa ba ta shiga. Akwai shafuka a intanet da mutane ke saka hotunan waɗanda suka tsallako iyaka, don dangi su duba. Wayar Sa'adiyya allonta ya fashe, shi ya sa suka zo su duba a babban allo. Daga wannan shafi zuwa wancan, daga wancan zuwa wani, har suka faɗa kan wani hoto na mutane a layin ɗiban ruwa.

Ta ce, "Can baya akwai wani mutum ya juya gefe. Tsayuwarsa ce, 'yar'uwa. Ni na goye shi, na san tsayuwarsa. Na ce Sa'adiyya ta rubuta a tambaya. Tana fara rubutu komai ya ɓace. Muka ɗauka mun lalata miki na'ura."

Na ce, "Me ta fara rubutawa?"

Ta ce, "Sura. Tana so ta ce hoton nan na ina ne."

Sura kuwa, wato hoto da Larabci, da Sadun take farawa. Na san abin da ya faru tun kafin ta rufe baki. Na tambaye ta sunan shafin, ba ta sani ba. Ta kira Sa'adiyya a waya, ita ma ba ta riƙe ba, sun bi shafuka sun fi a ƙirga, kuma sunayen duk kama suke da juna.

Sai na tuna dokata ta goge tarihi da magariba. Na tsaya ina tunanin jiya. Na goge ta ɗaya, wannan na tabbata. Ina kan hanyar zuwa ta biyu aka ɗauke wuta, na jira har aka kira salla ba a dawo da ita ba, na ja ƙofa na tafi gida ina mita. Ke nan ta biyu ba a goge ta ba. Wutar nan da na yi wata uku ina tsine wa, ita ta tsare mana hanya.

Na ce, "Hajja, matso da kujerarki. Kada ki taɓa komai, ko tebur ɗin."

Na kunna. Na buɗe birauza sau ɗaya tak, don in aka yi ta buɗewa ana rufewa sabo na iya danne tsoho. Akwati ya fito yana tambaya ko a dawo da shafukan da wuta ta yanke. Na karanta shi har ƙarshe, na ce a dawo. Abin da ya dawo na wani ne daban, don bayan fitarsu mutum uku sun hau kwamfutar. Na ce Hajja ta kau da kai, ni ma na tsayar da idona kan saman allo inda sunan shafi yake, ban kalli cikin ba. Na fara dannawa. Fa'un, takardar makarantar wani. Fa'un, tikitin jirgin wani. Fa'un, Fa'un, Fa'un. Ina komawa baya, Hajja tana jan carbi. Can na danna, ba abin da ya fito. Na sake, shiru. An zo inda take tsayawa, tagarsu ba ta ciki.

Hajja ta ce, "Khalas ke nan?"

Na ce, "Da sauran magana. Ƙofa ɗaya ce ta ƙi, akwai ta baya."

Na riƙe Ctrl na danna H, tarihin jiya ya zubo, layi a kan layi, kowanne da lokacinsa a gefe. Matsalar ita ce su kaɗai sun buɗe abin da ya cika allo ya fi sau biyar. Kuma irin shafukan nan, in ka koma washegari, an zuba sababbin hotuna sun binne na jiya. Na ce ta tuna mini lokaci.

Ta ce, "Ba ni da agogo. Amma ana kiran la'asar a masallacin bayanku lokacin da na gan shi, don na ce wa Sa'adiyya mu yi sauri."

Na ɗauko takardar lokutan salla da ke manne a bango, na duba la'asar ta jiya, na gangara daidai wurin. Layi tara ne a tsakanin mintocin nan. Na ce, "Da kika gan shi, kun danna hoton ya girma, ko a ƙaraminsa kuka kalla?"

Ta ce, "Na ce ta girmama shi, idona ba shi da ƙarfi."

Nan fa hanya ta samu. In an danna hoto ya girma, yana samun adireshinsa na kansa a tarihi, ko an zuba dubu a kansa yana nan. Cikin taran, huɗu hotuna ne. Na buɗe na farko, mata ne zaune a kan buhuna. Ta girgiza kai. Na biyu, motar ɗaukar kaya. Na uku ya tsaya yana juyi, intanet ɗin ta yi nauyi, hoton yana sauka daga sama a hankali. Farko sararin sama, sai saman wani tankin ruwa shuɗi, sai kawunan mutane.

Hajja ta miƙe tsaye. Ta ce, "Tankin nan ne."

Na ja hoton na faɗaɗa kusurwar hagu. Wani mutum dogo, siriri, da jallabiya da ta yi datti, riƙe da jarka rawaya. Ya juya gefe, amma kunnensa na dama ya fito sosai, kuma saman kunnen a tsage yake.

Ta ɗora yatsa a allon. Ta ce, "Ƙugiyar kamun kifi ce ta yi masa wannan, yana shekara tara. Usman ne."

Kafin komai na adana hoton a wuri biyu, na kwafe adireshin da biro a takarda, sannan na yarda na yi numfashi. A ƙarƙashin hoton wanda ya saka shi ya bar lambar waya, ya ce a Aswan aka ɗauka, can kudancin Masar wajen iyakar Sudan. Na kira da wayata na sa a sifika. Wani mutum ya ɗauka, ya ce shi mai taimaka wa masu isowa ne, bai san kowa da suna ba, amma in tura masa hoton da alama a kan wanda muke nema. Na zagaye kan Usman da jan layi na tura. Ya ce mu ba shi lokaci.

Hajja ta ƙi tafiya gida. Na sayo mana ful, dafaffen waken nan, da gurasa, ba ta ci ba. Aka ɗauke wuta, muka zauna cikin zafi muna fifita da kwali. Aka yi azahar. Wajen ƙarfe uku wayar ta yi ƙara, na miƙa mata. Na ji muryar namiji daga ciki, a dashe, yana cewa da Hausa, "Yaya? Yaya Batula, ke ce?" Sai na tashi na fita waje na ja musu ƙofa. Mai gyaran takalmin da ke gefenmu ya tambaye ni lafiya na tsaya a rana ina dariya ni kaɗai. Na ce masa tamam, lafiya lau.

Ashe a hanya aka ƙwace wayar Usman, kuma duk lambobin da ya sani suna cikinta. Labari ya bazu a unguwa. Kafin sati ya zagayo mutanen Sudan sun fara layi a ƙofar nan, kowa da wanda yake nema. Wasu mun samu, da yawa ba mu samu ba. A watan ne na sayi batirin ajiya, maganar sayar da kaya kuma ba a sake tayar da ita ba.

Bayan kamar sati uku sai ga Hajja ta shigo da Usman, ya yi aski, an saya masa sabuwar riga. Muka gaisa. Ya ce, "Hajiya, an ce a nan aka gan ni. Ina so in ga wurin." Na zaunar da shi a kwamfuta ta biyu, na buɗe masa hoton. Ya daɗe yana kallo. Bai ma san an ɗauke shi ba. Can ya nuna jarkar da ke hannunsa a hoton.

Ya ce, "Wannan ba tawa ba ce. Wani tsoho ne ya ara mini a layin, da na dawo ban same shi ba. Na taho da ita, tana gidan Yaya. Za a iya rubutu a ƙarƙashin hoton nan?"

Na ce za a iya.

Ya ce, "To rubuta. Mai jarka rawaya, tana nan wurin Usman a Hadayek el-Maadi, na wanke ta. In kana raye ka neme ni."

Na juya rubutun ya fara daga dama, na ɗaga yatsuna gaba ɗaya daga kan maɓallan, sannan na fara bugawa.